Sakin aure a Arewacin Najeriya

Sakin aure shi ne warware igiyar aure tsakanin miji da mata, ko da lafazin miji, ko da fansar da mata ta biya, ko da hukuncin alƙali. A Arewacin Najeriya mafi yawan aure na Musulunci ne, kuma kotunan shari'a suna yanke hukunci a kansa bisa mazhabar Malikiyya. Rikicin aure, da ciyarwa, da riƙon 'ya'ya suna cikin ƙararrakin da suka fi cika waɗannan kotuna, haka kuma ofisoshin Hisbah da zaurukan masu unguwanni.

Saki yana aukuwa cikin daƙiƙa ɗaya, a ɗaki ko ta waya, ba tare da alƙali ko shaida ba. Amma haƙƙoƙin da suke biyo bayansa, kamar matsugunin idda, da ciyar da mai ciki, da riƙon yara, suna buƙatar wanda zai tabbatar da su da wanda zai tilasta a biya. A wannan giɓi ne mafi yawan rigima take faruwa, kuma a kansa ne muhawarar rubuta kundin dokar iyali a Kano ta ginu tun shekarar 2017.

Kalmomin da ake amfani da su

Hausa tana siffanta aure da igiya. Ana "ɗaura" aure, ana cewa igiyoyinsa uku ne, kuma kowane saki yana tsinke igiya ɗaya. Kalmar "saki" kanta ita ce wadda ake amfani da ita ga duk abin da aka riƙe sannan aka ƙyale. Fi'ilin da ake zaɓa yakan nuna wanda ya yi aikin: miji ne yake "saki", mata ake cewa ta "kashe aure", alƙali kuwa "raba aure" yake yi. Idan ba a son ɗora wa kowa laifi sai a ce "auren ya mutu".

Akwai kalmomin da ake yawan cakuɗawa alhali hukuncinsu daban ne. "Yaji" shi ne mace ta bar gidan miji cikin fushi, kuma ba saki ba ne, aure yana nan daram. "Biko" shi ne zuwan miji ko wakilansa don dawo da ita. "Kome" kuwa shi ne mayar da matar da aka saka kafin iddarta ta cika. "Idda" ita ce zaman jira bayan saki, "takaba" kuma ta wadda mijinta ya rasu ce, wata huɗu da kwana goma idan ba ta da ciki. Wadda ta gama idda ba ta sake aure ba ita ce "bazawara".

Lafazin saki yana cikin irin maganar da faɗinta shi ne aikata ta, kamar rantsuwa ko alkawari. Saboda haka alƙali yakan ɓata lokaci mai tsawo yana neman ainihin kalmomin da miji ya furta.

Dokoki uku da kotunansu

Najeriya tana da nau'in aure uku, kuma kowanne da hanyar rabuwarsa.

Na farko shi ne auren Musulunci. Alƙalai suna hukunci a kansa tun kafin zuwan Turawa, kuma mulkin mallaka bai karɓe wannan ɓangare daga hannunsu ba. An kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Jihar Arewa a 1960, kuma Sheikh Abubakar Mahmud Gumi ya riƙe muƙamin Alƙalin Alƙalai daga 1962 zuwa 1967. A ƙarshen shekarun 1960 aka mayar da kotunan alƙalai kotunan yanki. Bayan Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a watan Oktoban 1999, jihohi 12 suka faɗaɗa aiki da ita zuwa laifuffuka, wasu kuma suka sauya wa kotunan yanki suna zuwa kotunan shari'a. Wannan sauyi bai taɓa asalin hukuncin aure da saki ba, domin dama da Malikiyya ake aiki.

Sashe na 277 na kundin tsarin mulkin 1999 ya bai wa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha hurumi a kan aure, da rabuwarsa, da waliccin yara, da gado, da wasiyya, da waƙafi. Daga can ana iya zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tarayya, sannan Kotun Ƙoli. Babu rubutacciyar dokar majalisa mai sashe-sashe da ta tattara hukunce-hukuncen saki. Alƙali yana komawa ne kai tsaye ga littattafan fiƙihu, musamman Risala ta Ibn Abi Zaid, da Mukhtasar na Khalil, da Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, tare da sharhohinsu.

Na biyu shi ne auren rajista, wanda ake ɗaurawa a ofishin rajistar aure ko a cocin da ke da lasisi. Aure ne na mace ɗaya, kuma Babbar Kotu kaɗai ke iya raba shi a ƙarƙashin Dokar Shari'o'in Aure ta 1970.

Na uku shi ne auren gargajiya, wanda ake samu a tsakanin Maguzawa da ƙabilu da dama na Arewa ta Tsakiya. Kotunan gargajiya ko na yanki ne ke sauraron ƙararsa, kuma a al'adu da yawa mayar da dukiyar aure shi ne alamar rabuwa.

Hanyoyin rabuwar auren Musulunci

Saki daga miji. Sakin sunna shi ne miji ya yi saki ɗaya a cikin tsarkin da bai kusanci matar ba, sannan ya bar ta ta yi idda. Saki na ɗaya da na biyu na kome ne: yana iya mayar da ita kafin idda ta cika ba tare da sabon sadaki ba. Idan idda ta cika bai mayar ba, sai da yardarta da sabon ɗaurin aure da sabon sadaki. Bayan saki na uku ba ta halatta gare shi sai ta auri wani aure na gaskiya, sun tare, auren ya mutu da kansa, ta kuma yi idda. Asalin waɗannan hukunce-hukunce yana cikin ayoyi na 228 zuwa 230 na Suratul Baƙara da farkon Suratuɗ Ɗalaƙ.

Kul'i. Shi ne mace ta fanshi kanta da dukiya. Asalinsa labarin matar Sabit bn Ƙais ne, wadda ta mayar masa da gonar da ya ba ta sadaki aka raba su. A Malikiyya kul'i saki ɗaya ne wanda babu kome a cikinsa, kuma fansar tana iya zama daidai da sadaki, ko ƙasa da shi, ko sama, gwargwadon yadda aka daidaita. Amma idan aka tabbatar cewa cutarwar miji ce ta tilasta mata biyan, sakin yana nan, dukiyar kuma a mayar mata.

Rabawar alƙali. Malikiyya tana cikin mazhabobin da suka fi bai wa mace ƙofofin neman rabuwa a kotu. Daga cikin dalilan akwai:

- Cutarwa, kamar duka, ko zagi, ko ƙauracewa ba da dalili ba. Ana karɓar shaidar maƙwabta ko da a kan abin da ya shahara a unguwa ne.
- Rashin ciyarwa. Alƙali yakan ɗibar wa miji lokaci, in ya kasa sai a raba.
- Doguwar tafiya. Idan an san inda mijin yake, alƙali yakan aika masa ya dawo, ko ya ɗauki matarsa, ko ya sake ta. Idan ya ɓace babu labari kuma akwai abin ciyar da ita, tana jira shekara huɗu daga ranar da ta kai ƙara, sannan ta yi takaba.
- Aibi, kamar hauka, ko kuturta, ko albaras, ko rashin iya saduwa. Wanda ake fatan warkewarsa akan ba shi shekara ɗaya.
- Ila'i, wato miji ya rantse ba zai kusanci matarsa ba. Wa'adinsa wata huɗu ne.

Idan rigima ta yi ta maimaituwa ba a gane mai laifi ba, alƙali yana naɗa masu sulhu biyu, ɗaya daga danginsa ɗaya daga danginta, kamar yadda aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta tanada. A Malikiyya waɗannan biyun suna da ikon raba auren ko da miji bai yarda ba.

Miƙa ikon saki. Miji yana iya damƙa wa matarsa ikon sakin kanta, abin da malaman fiƙihu ke kira tamliki ko takhyiri. Ba a cika amfani da wannan ƙofa a ƙasar Hausa ba, duk da tana cikin littattafan da ake karantarwa a zaure.

Tambayoyin da aka fi yi

Shin saki uku a lafazi ɗaya uku ne ko ɗaya? Mazhabobi huɗu sun tafi a kan cewa uku ne, kuma wannan shi ne mashahurin ra'ayin Malikiyya da kotunan Arewa suka saba bi. Ibn Taimiyya da almajirinsa Ibnul Ƙayyim sun ce ɗaya ne, kuma Masar ta sanya wannan ra'ayi a dokarta ta 1929. A Najeriya wasu malamai suna ba da fatawa da shi. Sakamakon haka ma'aurata sukan ji amsa ɗaya a masallaci su ji wata a kotu, kuma wasu kan yi ta yawo tsakanin malamai har su sami wadda ta yi musu daɗi.

Saki ta takarda ko saƙon waya yana aukuwa? Rubutu yana ɗaukar hukuncin magana. Idan miji ya rubuta yana mai ƙudurta sakin, ya auku tun lokacin rubutun. Idan ya rubuta yana cikin shawara, sai takardar ta isa ga matar. Malaman zamani sun ƙiyasta saƙon tes da na WhatsApp a kan haka. Abin da kotu take bincika shi ne ko mijin ne da kansa ya rubuta ya kuma tura.

"Je ki gidanku" saki ne? Fiƙihu ya raba lafazi zuwa bayyananne da kinaya. "Na sake ki" bayyananne ne, ba ya buƙatar a tambayi niyya. "Je ki gidanku" ko "fice mini daga gida" kinaya ce, ana komawa ga abin da mijin ya nufa, kuma alƙali yana iya rantsar da shi. Littattafan sun kawo misalansu da Larabci ne, don haka alƙali ne yake auna inda kalmomin Hausa irin su "na sauwaƙe miki" ko "na tsinke igiyata" suka faɗa, yana la'akari da yadda mutanen wurin suke fahimtarsu.

Sakin mai fushi fa? Fushi na yau da kullum ba ya hana saki aukuwa, sai wanda ya kai mutum bai san abin da yake faɗa ba. Sakin wasa yana aukuwa. Wanda ya sha abin maye da gangan sakinsa yana kama shi. Wanda aka tilasta wa da barazana mai tsanani kuwa, nasa ba ya aukuwa a Malikiyya.

Idan an yi saki cikin haila? Ya auku, amma ya saɓa wa sunna. Idan na kome ne, Malikiyya ta ce alƙali ya tilasta wa miji mayar da ita, bisa hadisin Abdullahi ɗan Umar.

Idan miji ya musanta? Shaida ba sharaɗi ba ce ga aukuwar saki, amma ita ce hanyar tabbatar da shi. Mace tana buƙatar iƙirarin mijin ko maza biyu adalai. Idan shaida ɗaya ta samu, sai a rantsar da miji. Wannan ne ya sa takardar saki take da muhimmanci, domin ba tare da ita ba mace takan zauna a tsaka mai wuya, ita ba matar aure ba ita ba bazawara ba.

Nawa ne tsawon idda, kuma a ina ake yin ta? Mai haila tsarki uku take yi. Wadda ta daina haila wata uku. Mai ciki sai ta haihu. Wadda aka saka kafin tarewa babu idda a kanta. Wurin idda shi ne gidan miji, kuma ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da ita daga can.

Me miji zai biya? A sakin kome, ci da sha da tufafi da matsuguni duk suna kansa har idda ta cika, kuma idan ɗayansu ya rasu a lokacin ɗayan zai gaje shi. A sakin da babu kome, matsuguni kawai ya wajaba, sai fa in tana da ciki, to ciyarwa ma tana kansa har ta haihu. Idan tana shayarwa bayan aure ya yanke tana da haƙƙin ladan shayarwa. Akwai kuma mut'a, kyautar sallama gwargwadon ƙarfin miji. A Malikiyya mustahabbi ce, alƙali ba ya tilasta ta.

Wa ke da sadaki da kayan ɗaki? Sadaki na mace ne gaba ɗaya idan an tare, rabi kuma idan an rabu kafin tarewa. Kayan ɗakin da iyayenta suka yi mata nata ne. Babu tsarin raba dukiya biyu bayan saki. Kowa yana tafiya da abin da ya mallaka, kuma matar da ta sa kuɗinta a ginin gida ko jarin miji sai ta kawo hujja. A shari'ar kul'i, maza kan gabatar da lissafin lefe da kuɗin gaisuwa da ɗawainiyar biki, kuma a nan ne ciniki yake tsananta.

Wa zai riƙe 'ya'ya? A Malikiyya reno na uwa ne, namiji har ya balaga, mace kuma har ta yi aure ta tare. Idan uwa ta auri wanda ba muharramin yaron ba, reno yana komawa ga kakar wajen uwa, sannan 'yar'uwar uwa, kafin a zo kan dangin uba. A duk inda yaron yake, ciyarwa da tufatarwa da magani suna kan uba, kuma shi ne waliyyi.

Auren kisan wuta ya halatta? Auren da aka shirya don kawai a halatta wa mijin farko matarsa ɓatacce ne a Malikiyya, kuma ba ya halatta ta.

Yaya ake raba auren rajista? Dokar 1970 ta san dalili ɗaya tak, wato auren ya lalace yadda ba zai gyaru ba. Sashe na 15 ya jero abubuwa takwas da ake tabbatar da hakan da su. Daga ciki akwai zina, da halin da ba za a iya jure zama da shi ba, da gudun gida na shekara ɗaya, da zama a rabe na shekara biyu idan ɗayan bai ƙi ba, ko shekara uku ko da ya ƙi. Ba a shigar da ƙara kafin aure ya cika shekara biyu sai da izinin kotu, in ban da wasu dalilai ƙalilan. Hukuncin farko na wucin gadi ne, yana zama tabbatacce bayan wata uku. Kotu tana da ikon raba kadarori da yanke kuɗin ciyarwa, kuma maslahar yara ce take gaba da komai wajen riƙonsu.

Tazara tsakanin littafi da aiki

Abin da aka saba gani ya bambanta da abin da ke sama ta fuskoki da yawa. Mace takan kwashe kayanta ta koma gidan iyaye a ranar da aka sake ta, kuma da ta fita ciyarwar idda takan tsaya. Uba yakan karɓe yara da zarar an yaye su ko sun yi wayo, bisa al'adar cewa ɗa na uba ne, ko kuma ya bar mata su ba tare da ko sisi ba. Macen da take da hujjar cutarwa takan zaɓi kul'i ta biya, domin ya fi sauri a kan neman shaidu, ta haka kuma ta sayi abin da shari'a za ta ba ta kyauta.

Dalilan wannan tazara a bayyane suke. Na farko rashin sani: hukunce-hukuncen suna cikin littattafan Larabci, kuma yawancin masu ƙara suna zuwa kotu ba lauya. Na biyu kunya, domin kai uban 'ya'ya ƙara abu ne da dangi kan hana, su ce a bar wa Allah. Na uku raunin zartar da hukunci. Mafi yawan maza ba masu albashi ba ne, babu inda za a cire kuɗin ciyarwa kai tsaye, kuma kuɗin da aka yanke shekarun baya tsadar rayuwa takan cinye shi. Na huɗu rashin rajista. Yawancin aure da saki ba a rubuta su a wata hukuma, shi ya sa alƙaluman da ke yawo a kafafen sada zumunta game da yawan zawarawa ƙiyasi ne kawai.

Yawan saki ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, ta yi aure huɗu, kuma ta ba da labarin mata da yawa da suka fita daga wani aure suka shiga wani. Abin da ya sauya shi ne gidan da bazawara take komawa. Babban gida mai gandu yana iya ɗaukar 'ya da jikoki. Magidancin birni mai haya ɗaki biyu ba ya iyawa. A nan ne batun saki yake haɗuwa da na talla, da barin makaranta, da tura yara almajiranci.

Martanin hukumomi

A watan Janairun 2009 wata ƙungiyar zawarawa da marayu ƙarƙashin Hajiya Altine Abdullahi ta shirya gangami a Kano don jawo hankali ga halin da zawarawa suke ciki, amma Hisbah ta hana. Bayan shekara uku, a 2012, gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta fara auren zawarawa ta hannun Hisbah ƙarƙashin Sheikh Aminu Ibrahim Daurawa, da ma'aurata 100. A watan Disambar 2013 an ɗaura na mutum 1,111, sannan a watan Oktoban 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta aurar da 1,800. Gwamnati takan biya sadaki ta ba da kayan ɗaki da ɗan jari, kuma akan gindaya wa ango sharaɗin kada ya yi saki sai ya koma wa Hisbah. Masu goyon baya suna ganin shirin ya rufa wa marasa ƙarfi asiri. Masu suka kuwa suna cewa yana magance zawarci ne bai taɓa abin da ke haifar da shi ba. Sharaɗin komawa Hisbah dai ya nuna cewa ana iya sa wa saki matakin sulhu ba tare da an soke ikon miji ba.

A matakin tarayya, dokar hana cin zarafi ta 2015 ta mayar da korar abokin aure daga gida da ƙarfi, da yin watsi da iyali ba ciyarwa, laifuffuka. Ta fara aiki ne a Abuja kaɗai, jihohi kuma suna amincewa da ita ɗaya bayan ɗaya, wasu bayan sun yi mata gyara. Hukumar ba da agajin lauyoyi ta tarayya da ƙungiyoyi irin su FIDA da WRAPA suna taimaka wa matan da ba su da kuɗin lauya.

Muhawarar kundin dokar iyali

A watan Fabrairun 2017, a taron cika shekara 50 da rasuwar Ambasada Isa Wali a Abuja, Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya bayyana cewa wani kwamitin malamai yana shirya daftarin dokar iyali da za a miƙa wa majalisar dokokin jihar. Abin da jaridu suka fi ɗauka shi ne batun hana wanda ba shi da hali ƙara aure, amma daftarin ya shafi yardar amarya, da ciyarwa, da dukan mata, da saki, da riƙon yara. Bai zama doka ba har aka sauke Sarkin a ranar 9 ga Maris 2020. A 2024, shekarar da gwamnatin jihar ta mayar da shi kan karaga, ya kammala digirin digirgir a Jami'ar Landan a kan wannan batu, inda ya kwatanta Kano da Maroko.

Masu goyon bayan kundin suna cewa zai sa hukunci ya zama iri ɗaya daga kotu zuwa kotu, ya bai wa talaka damar karanta haƙƙinsa da harshen da yake ji, ya kuma wajabta rajistar aure da saki. Suna kafa hujja da cewa shugaba yana da ikon zaɓar ra'ayi ɗaya daga saɓanin malamai don maslaha. Masu adawa suna tsoron kada 'yan majalisar da ba malamai ba su riƙa taɓa hukuncin Allah, ko a ƙuntata abin da shari'a ta halatta, musamman ƙarin aure da shekarun aure, ko kuma a shigo da manufofin ƙasashen Yamma ta bayan gida.

Maroko, wadda ita ma Malikiyya take bi, ta sabunta kundinta a 2004. A can miji ba ya rubuta saki sai da izinin kotu, bayan an gwada sulhu, kuma bayan ya ajiye kuɗin haƙƙin matar da yaran a asusun kotu cikin kwana 30. A Jamhuriyar Nijar kuwa, inda Hausawa suka fi kowace ƙabila yawa, yunƙurin samar da kundin iyali a farkon shekarun 1990 da kuma a 2011 ya ci tura saboda adawar ƙungiyoyin addini. Kotuna a can suna aiki da al'adar masu ƙara, wadda ga mafi yawan jama'a Malikiyya ce gauraye da gargajiya, kuma sarakuna da malamai ne ke fara yin sulhu.

Idan aka dubi abin da ake jayayya a kansa, mafi zafin saɓani yana kan ƙarin aure da shekarun aure ne. Haƙƙoƙin bayan saki, wato zama a gidan miji lokacin idda, da ciyar da mai ciki, da barin yara a hannun uwa, da ɗora wa uba ɗawainiyarsu, babu ɓangaren da yake musun su, domin suna cikin Risala da Mukhtasar. Abin da ya rage a kansu shi ne rubuta saki a hukumance da samar da hanyar karɓo kuɗin ciyarwa daga wanda ya ƙi biya. Haɗa su a daftari ɗaya da batutuwan da ake rigima a kansu ya sa su ma suka tsaya tare da sauran.